Mariƙin ƙofa mai kashe ƙwayar cuta: zai yi aiki a hunturun Yamai?

Bara, cikin hunturu, na yi kwana goma sha ɗaya ina jinyar kawuna a wani asibiti nan Yamai. Wanda ya taɓa zaman jinya ya san yawancinsa jira ne: jiran likita, jiran ledar ruwa ta ƙare, jiran a miƙo maka takarda ka je sayo magani. Cikin wannan zama ne wata rana na shiga ƙirga hannuwan da ke sauka a kan ƙarfen gefen gadonsa. Likita ya dafa shi yana tambaya. Malamar da ta zo sauya ruwa ta riƙe shi ta sunkuya. Ƴan dubiya kuwa, kowa sai ya kama shi kafin ya ce, "Sannu Alhaji, ya jiki?" Mai jinyar gadon kusa ya jingina da shi don ya ba wani hanya. Kawu da kansa da shi yake yunƙurawa in zai tashi. Daga hantsi zuwa la'asar na wuce arba'in, na bar ƙirgar. Sau ɗaya a yini ake goge ƙarfen nan, da sassafe, da tsumman da ya riga ya bi gadaje biyar kafin ya iso namu. Ban ga laifin baiwar Allah mai gugar ba, ita kaɗai ce a ɗakuna uku.

Abin ya dawo mini kwanan baya a wani shagon kayan gini, inda mai shago ya nuna mini bokitin fenti an rubuta a jikinsa cewa yana kashe ƙwayoyin cuta. Ya ce, "Malam, wannan ka shafa ka kwanta barci, ƙwayar cuta ba ta kwana a kansa." Yanzu irin wannan rubutu har a kan tayil da ledar katifa da marfin masai ana ganinsa. Dabarar da ke bayansa ba shirme ba ce. Tunda ba za a iya goge abu bayan kowane hannu ba, me zai hana a gina makashin a cikin jikin abin, ya riƙa aikinsa dare da rana ko da mai shara ko babu? Masana sun yi shekaru a kan wannan tambaya, an samu abin da ya tabbata, an kuma samu tallar banza mai yawa da ta fake a bayansa. Rarrabe su shi ne aikin.

Dalilin da ya sa maganar ta shafe mu fiye da kowa yana cikin lissafin da mujallar likitoci ta Lancet ta fitar a farkon 2022. A shekarar 2019 kaɗai, mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma yankin da mutuwar ta fi yawa in an auna da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma, mutum 27 cikin kowane 100,000. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, cikin majinyata 100 da aka kwantar, 15 za su kamu da wata sabuwar cuta a cikin asibitin, a ƙasashen masu arziki kuwa 7. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. An yi wani bincike a Maraɗi, a cibiyar kula da yara masu tamowa mai tsanani, aka buga shi a 2011. An duba bayan gidan yara 55 ranar da aka kwantar da su, aka tarar kashi 31 cikin 100 sun zo da bakteriyar hanji mai narkar da manyan magunguna irin su seftiriyazon, allurar nan da asibitocinmu suka dogara da ita. Sai aka sake duba yara 16 daga cikin waɗanda suka zo babu ita, ranar sallama. Goma sha biyar sun ɗauka. Ɗaukar ƙwayar a hanji ba ta nufin yaro ya kamu da ciwo, amma ya koma gida da ita, gidan da ake cin tuwo kwano ɗaya, ake kama ruwa da buta ɗaya. Binciken bai ce ta ƙarfen gado ta bi ba. Abin da aka sani daga wasu gwaje-gwajen shi ne waɗannan halittu suna da juriyar zama a busasshen wuri fiye da yadda ake zato. Stafilokokus, mai sa maruru da ruɓar rauni, yakan yi makonni har watanni a kan roba ko ƙarfe yana raye. Asinetobakta, wadda ta addabi ɗakunan masu ciwo mai tsanani, ita ma haka.

Ƙarfen da asibitocin zamani suka fi so, inoks, wanda mata ke kira silba in an yi kwano da shi, ba ya kashe komai. Sunan ma ruɗi ne, babu ko ɗigon azurfa a cikinsa. An zaɓe shi ne don ba ya tsatsa, yana jure sabulu da ruwan jabel, ga ƙyalli. Ido na ganinsa fes, ƙwayar cuta na zaune a kai hankali kwance. Tun 1983 wata mai bincike a Amurka, Phyllis Kuhn, ta gwada mariƙan ƙofofin asibiti, ta tarar tsofaffin na tagulla, wadda yawancinta jan ƙarfe ne, da suka dushe, waɗanda ake cirewa don a sa na inoks, su ne ƙwayoyin cuta ba sa iya zama a kansu.

Jan ƙarfe ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A 1353 matafiyin nan Ibn Batuta ya sauka a Takadda, wadda masu tonon tarihi ke dangantawa da kangon Azelik a yankin Agadas, ya ga ana narka shi ana yin sanduna sirara da masu kauri, ana sayen nama da itace da hatsi da su, ana kai shi har Gobir da Barno. Kakanninmu kuɗi da ado suka ɗauke shi. Abin da ba su da madubin gani shi ne yadda yake yi wa bakteriya. In ta sauka a jikinsa, ɗan danshin da ke tare da ita ya isa ya sa ƙarfen ya saki ƴan mitsi-mitsin ɓurɓushinsa masu ɗauke da caji. Su ne ke huda fatar ƙwayar, su kutsa ciki, su haddasa wasu sinadarai masu ƙuna da ke lalata kayan cikinta, har su daddatsa sinadarin gadonta, wato DNA. Ta ko'ina ake dukanta a lokaci guda, shi ya sa da wuya ta sami mafita.

Wannan daddatsawar ta ƙarshe ita ce ta fi ba ni sha'awa, domin ita ta haɗa maganar da batun bijire wa magani. Bakteriyar da ba ta jin magani kamar ɗan tauri take, wuƙa ba ta cinta. Bambancin shi ne ita laƙaninta a rubuce yake a cikin wasu ƴan zobban DNA, kuma takan miƙa su ga wata ko da ba danginta ba ce. Mai sa gudawa za ta iya bai wa mai sa ciwon huhu. Kai, ko bayan ta mutu, layar takan rage a yashe a wurin, wata mai rai ta zo ta tsinta. Bill Keevil da abokan aikinsa a Jami'ar Sawthamton ta Ingila sun nuna a 2012 cewa a kan inoks wannan miƙa laya na faruwa, a kan jan ƙarfe kuwa layar tare da mai ita take ƙonewa. A 2008 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi wa jan ƙarfe da gaurayensa rajista, bisa shaidar cewa suna kashe fiye da kashi 99.9 cikin 100 na wasu bakteriya cikin awa biyu, da sharaɗin jan ƙarfen da ke cikin gaurayen ya kai wajen kashi 60. Lokacin korona ma an gwada: ƙwayar ta yi kwana uku a kan roba da inoks, a kan jan ƙarfe ba ta wuce awa huɗu ba.

Zuwa nan babu gardama. Gardamar tana wajen tambayar da ta fi damun mai jinya: rage ƙwayoyi a kan ƙarfe yana rage masu kamuwa da ciwo? Gwajin da ake yawan kafa hujja da shi an buga shi a 2013. A asibitoci uku na Amurka an sa kayan jan ƙarfe guda shida a wasu ɗakunan masu ciwo mai tsanani, ciki har da ƙarfen gefen gado da sandar rataye ruwa da hannun kujerar ƴan dubiya, aka bar sauran ɗakunan yadda suke. Cikin majinyata 614, waɗanda suka kamu da cutar asibiti sun kai kashi 8.1 a ɗakunan da ba a taɓa ba, kashi 3.4 a na jan ƙarfe. Ragin ya yi yawa har ya sa wasu masana tsarguwa. Sun ce jan ƙarfe ba ya ɓuya, ma'aikaci na shiga ya san ɗakin gwaji ne, ƙila ya ƙara kula da hannunsa. Sun ce kayan sun riƙa yawo daga wannan ɗaki zuwa wancan, kamar yadda kujera ke yawo a kowane asibiti. Da aka sake irin gwajin a ɗakin yara na wani asibitin Santiyago a ƙasar Cile, aka buga a 2016, an ga ɗan ragi, amma bai kai wanda za a rantse ba dace ba ne. A nawa karatun, jan ƙarfe yana rage ƙwayoyin da ke kan kaya, wannan tabbas ne. Yawan rayukan da yake cetowa kuwa har yau ba a daddale ba, kuma duk gwaje-gwajen nan an yi su ne a ɗakuna masu na'urar sanyaya iska, majinyaci ɗaya a gado ɗaya.

Fentin mai shagon nan ba jan ƙarfe ne a cikinsa ba. Yawancin fenti da roba da yadin da ake tallata da wannan suna, ɓurɓushin azurfa ake zuba musu, ko wani sinadari. Azurfa kam tana kashe bakteriya, likitoci sun daɗe suna amfani da ita a man shafa wa ƙuna. Sai dai ba ta aiki sai da jiƙa. Ga inda gizo ke saƙa: gwajin da kamfanoni ke yi kafin su buga tambarin a jikin bokiti, wanda Japan ta tsara, duniya ta karɓa a 2007 da sunan ISO 22196, ana yinsa ne ta hanyar ɗiga ruwa mai ƙwayoyin cuta a kan abin, a rufe da leda don kada ya bushe, a ajiye awa 24 a zafin digiri 35 da laimar iska fiye da kashi 90 cikin 100. Wane bango ne a Yamai yake zama haka? A Fabrairu da Maris, da rana, laimar iskarmu takan sauka ƙasa da kashi 20. Leɓe na tsagewa, wanki na bushewa kafin ka gama shanya. A 2009 an gwada kaya mai azurfa a irin wannan bushewa da zafin ɗaki, aka tarar kusan bai taɓa stafilokokus mai taurin kai ba, alhali a cikin laimar ɗakin gwaji ya kashe shi ƙurmus. Jan ƙarfe a gwajin nan ya yi aikinsa a jiƙe da bushe, zafi ma ƙara masa sauri yake. Takardar shaidar da ɗan kasuwa zai nuna maka tana iya zama ta gaskiya, amma shaidar damina ce ta wata ƙasa, kai kuwa wata bakwai ko takwas na shekararka rani ne.

Akwai abin da ya fi rashin aiki muni, wato aiki rabi da rabi. Guba in ba ta kai ta kashe ba, horo take yi. An ga haka da tiriklosan, sinadarin da aka riƙa cusawa a sabulu da man goge baki da katakon yanka nama. A ɗakin gwaji an tarar bakteriyar da ta saba da shi takan ƙarfafa ƴan famfunan da take fitar da guba daga cikinta, kuma da famfunan nan take tofar da wasu magungunan antibiyotik. A 2016 Amurka ta hana sa shi a sabulun wanke hannu na gida, shi da wasu sinadarai 18, domin masu yinsu sun kasa nuna sun fi sabulu zalla. Azurfa ma ba ta tsira ba. Tun 1975 aka ba da rahoton wata bakteriya mai suna salmonela a ɗakin masu ƙuna na wani asibitin Boston, mai ɗauke da laya guda da ke kare ta daga azurfa da magunguna da dama a tare. Jan ƙarfen da nake yabo shi ma yana da nasa tabon: a Danmak, inda ake zuba shi kaɗan-kaɗan a abincin aladu, an sami bakteriyar hanji da ta koyi jure shi, kuma laƙanin yana tafe da na jure antibiyotik. Bambancin a yawan dukan yake. Farantin jan ƙarfe busasshe kisan farat ɗaya yake yi, ba ya barin ɗalibi. Ɗan ɓurɓushin da aka barbaɗa a fenti, yana tsatsafowa a hankali yana raguwa shekara bayan shekara, shi ne abin tsoro.

Ana ta ƙirƙiro sababbi. Wasu sun kwaikwayi fiffiken wani ƙwaro mai kuka a itatuwa, wanda aka gano a Ostireliya a 2012 cewa yana da ƴan ƙayoyin da ido ba ya gani masu farke bakteriya. Wasu sun kwaikwayi fatar kifin shak, wasu sun yi shafe mai aiki da hasken rana. Ban tsaya a kansu ba, don tambaya ɗaya ta ishe su duka: ƙayar da ba ta kai kaurin ƙwayar ƙura ba, me za ta yi bayan yini guda na hazo?

Ƙurar nan ba ta bar jan ƙarfen ba shi ma. Sai ƙwayar cuta ta taɓa jikinsa yake kashe ta. In ƙura da gumi da maiƙon hannu suka yi masa riga, ƙwayar a kan rigar za ta zauna. Ita kanta hukumar kare muhallin Amurkan ta wajabta a rubuta a jikin kayan cewa ƙari ne a kan goge-goge ba madadinsa ba, kuma ba lallai ya hana cuta tsallakawa daga wani zuwa wani ba. Ashe ko an kawo shi, baiwar Allah mai tsumma tana nan daram, sai ma an koya mata sabon aiki, don ruwan jabel mai ƙarfi yana ɓata masa fuska. Dushewar da yake yi da kansa ba ta hana shi kisa. Abin da ke hana shi shi ne man ƙyallin da ake shafa wa kayan tagulla na ado don kada su yi baƙi, domin wannan leda ce tsakaninsa da ƙwayar. Sai batun kuɗi. A 2024 tan ɗaya na jan ƙarfe ya haura dalar Amurka 10,000 a kasuwar duniya. Garin da ake tone wayar lantarki a sayar da ita a kilo, wanda zai sa mariƙin jan ƙarfe a ƙofar asibiti sai ya yi tunanin irin ƙusar da zai kafe shi da ita.

Ko an warware duk wannan, hanya ɗaya aka tare cikin hanyoyi da yawa. Babbar hanyar ƙwayar cuta a asibiti hannu ce, daga majinyaci zuwa majinyaci, ba tare da ta ya da zango a kan ƙarfe ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken wurin wanke hannu, wato ruwa da sabulu ko ruwan alkol a inda ake duba majinyaci da kuma bakin bayi. A asibitin Point G na Bamako an taɓa gwada haɗa ruwan alkol ɗin a cikin gida da koya wa ma'aikata, sai tsabtace hannu a lokacin da ya dace ta tashi daga kashi 8 zuwa wajen 22 cikin 100. Dubi daga inda aka taso, ka kuma dubi arhar abin da ya ninka shi kusan sau uku. Can waje kuma ga mai tallar magani da tire a ka yana sayar da kafso biyu na amoksisilin ga mai mura, ga makiyayi yana ɗura wa akuya maganin mutane. A nan ake ƙera ƴan taurin, asibiti wurin haɗuwarsu ne kawai. Mariƙin ƙofa ba shi da ta cewa a wannan.

Da ni ke riƙe da kuɗin gyaran wani ɗakin jinya, tankin ruwa da famfo mai aiki zan fara saya, sai alkol a bakin kowane gado, sai ƙarin mai shara da tsumma fiye da ɗaya. Fentin nan ko kyauta aka ba ni ba zan lissafa shi cikin rigakafi ba. In kuɗi ya ragu, to, zan sa jan ƙarfe a ƴan wuraren da hannu ya fi sauka, musamman a ɗakin jarirai da na masu tamowa: gefen gado, kan famfo, mariƙin ƙofar bayi, sandar ruwa. Zan kuma roƙi masu bincikenmu na jami'a da na CERMES, cibiyar binciken lafiya ta Yamai, su auna ɗaki mai shi da marar shi shekara guda cur, hunturu da bazara da damina, don mu daina aron sakamakon ƙasashen da ba su san hazo ba.

Tunanin ko za a iya ƙera kayan a gida ya kai ni kasuwar Katako, wajen wani dattijon maƙeri mai zubin tagulla. Na ce, "Baba, za ka iya zuba mini mariƙin ƙofa?" Ya ce ko ɗari nake so. Na tambaye shi abin da yake narkawa, ya nuna mini buhu: tsofaffin kawunan famfo, kwaɗuna, guntayen bututu, duk abin da yara suka kawo. Jan ƙarfe nawa ne a ciki, kashi 60 ko 50, shi da launi yake ganewa. Irin wannan tarkace kuma sau da yawa akwai dalma a cikinsa, wadda ba a so kusa da jariri mai kai komai baki. Hannun yin aikin akwai shi a garin nan, abin da ya rage shi ne mai auna zubin kafin ya shiga asibiti, ko kuwa a kawo farantin da aka san haɗinsa, maƙeranmu su yanka su lanƙwasa.

Duk da haka na ce ya zuba mini ɗaya in gani. Da muka gama ciniki ya ce jibi in zo, zai goge shi ya shafa masa mai, ya yi shekara yana ƙyalli kamar zinariya. Na ce a'a Baba, kada a shafa komai, a bar shi tsirara ko zai yi baƙi. Ya ajiye awartakinsa ya dube ni, ya ce shekararsa arba'in a bakin wuta, ba a taɓa ba shi aikin da mai shi ke so ya dushe ba.